Sunan Hasriani a Kan Kowane Layi

Bu Darma, wato Madam Darma a bakin mutanen Makassar, ko ɗaga kai daga wayarta ba ta yi ba lokacin da ta yanke hukuncin. Azumi ya raba tsakiya, na'urar sanyaya ɗakin ƙasa ta mutu tun makon jiya, ma'aikata sun yi laƙwas a kan kujeru kamar kayan wanki.

"Tsaron Sallah, sashen tikiti, Hasriani. Daga jajibiri har matafiya su gama dawowa."

Hasriani ta ɗauka kunnenta ne. "Ni, Bu?"

"Akwai wata Hasriani a nan?"

"Bu, ai na faɗa miki tun kafin azumi. Tikitina ma na riga na yanka. Wannan ce Sallar farko da babu Babana, mahaifiyata ita kaɗai ce a gida."

"Allah ya jiƙansa," in ji Bu Darma, kuma har zuciyarta ta faɗa, don ba muguwar mace ba ce. Shugabar sashe ce kawai mai son a bi ƙa'ida ta huta da surutu. "Amma ba ni na zaɓe ki ba. Buɗe Magulmaci ki gani."

Ba sai ta buɗe ba. Ta san abin da zai nuna, kuma saninsa ne ya sa wuyanta ya ɗauki zafi har cikin kunnuwa.

Kamfanin jiragen ruwa ne, masu ɗaukar mutane da motoci da babura daga tashar Bira zuwa tsibirai. Duk tikitin da aka yanka, manhaja ɗaya ce ke yankarsa, kuma a ofishinsu na birnin Makassar kowa Tsohuwa yake kiranta. An fara rubuta ta tun Hasriani tana firamare, hannaye da yawa sun bi ta kanta, wasu sun bar aiki, wasu sun bar duniya. Tana zaune ne a cikin wasu injina a ɗakin baya, ba a isa gare ta daga waje, saboda haka mai tsaronta dole ya zauna a ofis. A ƙauyen su Hasriani kuwa, can tsibirin Selayar, sai ka hau tudun bayan masallaci kafin waya ta yarda ta yi ƙara.

Magulmaci kuma wata 'yar dabara ce da duk masu wannan sana'a suke da ita. Ka buɗe rubutun manhaja, sai ya jera maka a gefen kowane layi sunan wanda ya taɓa layin a ƙarshe. Dokar ofis ɗaya ce tun fil'azal: layin da ya lalace, mai suna a kansa shi zai gyara, wanda kuma sunansa ya fi yawa a sashe shi ne mai sashe, shi zai yi tsaron Sallah.

To, sunan Hasriani yana kan kowane layi na Tsohuwa. Kowane ɗaya, har da waɗanda aka rubuta lokacin tana koyon ɗaura igiyar takalmi.

Yadda aka yi kuwa, aikin Pak Bahar ne, wato Malam Bahar. Makonta na farko a kamfanin, wannan dattijo mai furfura da murmushin liman ya kai ta cin miyar coto, ya ƙara mata ƙullin shinkafa da hannunsa, ya tambayi lafiyar iyayenta. Da suka dawo ya ja kujera kusa da ita.

"Dek, ƙanwata, kin ga Tsohuwa? Rubutunta ya yamutse, wannan ya matsa layi ciki, wancan ya fito da shi waje, ido ba ya iya bi. Akwai abin da muke kira guga. Ba ya canza ma'anar komai, miƙar da layuka kawai yake. Ke ce mai sabon jini, ke ya kamata ki yi wannan alheri."

Ta yi, har da godiya. Danna maɓalli ɗaya ne, guga ta bi Tsohuwa daga sama har ƙasa, layuka suka miƙe sambal. Ranar har mahaifinta ta kira, yana kwance a asibiti, ta ce masa an ba ta babban aiki. Washegari da aka buɗe Magulmaci, sunayen mutane na shekara da shekaru sun goge, saura nata. Kafin wata ya mutu Pak Bahar ya tattara kofinsa da dardumarsa ya hau bene, inda ake gina sabuwar manhajar waya, inda sanyi ke aiki. Ya yi mata sakiyar da ba ruwa, kuma ofis gaba ɗaya ya gani ya yi shiru.

Daga nan ruwa ya ƙare wa Hasriani. Duk tarin da Tsohuwa ta yi, wayar teburinta ce ke ƙara. Ma'aikacin tasha ya kira yana ihu an ƙirga babur a matsayin fasinja. Wata ta kira an sayar wa mutum biyu kujera ɗaya, ga su nan za su dambace. Ta ce ba ita ta rubuta ba, aka ce sunanki ne a kai. Ta hau bene neman Pak Bahar, aka ce yana taro. Kullum yana taro, mutumin da a ɗakin ƙasa ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Ba da son aiki ta koyi Tsohuwa ba, kada wani ya yi mata wannan ƙaryar. Da haushi ta koye ta. Takan zauna tana bin layi ɗaya bayan ɗaya tana tsaki, tana tambayar allo wane marar tsoron Allah ne ya rubuta wannan, allo kuma ya nuna mata sunanta. Ta gano cewa lissafin kujerun jirgi a wuri uku aka rubuta shi, kuma ukun ba sa ga maciji da juna. Farkon gyaran da ta yi da gaggawa, ta toshe nan ya ɓalle can, aka wuni ba a sayar da tikitin mota ba, Bu Darma ta wanke ta tas a gaban mutane. Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa komai ba sai ta fara kafa abin da take kira 'yan gadi, wasu ƙananan rubuce-rubuce da ke sayen tikitin ƙarya, su soke shi, su ƙirga kujeru, su yi kururuwa idan lissafi bai daidaita ba. In 'yan gadi sun tsaya, sai ta yanko ɗan yanki, ta gyara, ta mayar, ta saurara. Haka ta haɗe lissafin nan uku ya zama ɗaya, kaɗan-kaɗan, jirage suna ta tafiya ba wanda ya san ana yi wa Tsohuwa tiyata.

Wanda ya fi cin ranta shi ne sashen soke tikiti. Mutum ya fasa tafiya, Tsohuwa ta amsa ta ji, amma ta ƙi sakin kujerar. Ma'aikatan tasha kujerun aljanu suke kiransu. Sai a ce wa mutane jirgi ya cika, su tsaya a bakin ruwa da kayansu suna kallonsa yana tafiya da kujeru wayam. Ita kanta Hasriani, tana ɗaliba, an taɓa barin ta haka a Bira da kwalin tsaraba a hannu, ta rantse in ta ga mai wannan aiki sai ta gaya masa magana. Ga shi Allah ya kawo ta, kuma bisa faɗar Magulmaci ita ce mai aikin. Sai da ta kwashe makonni kafin ta kori aljanun nan, kuma ba wanda ya ce mata sannu.

A cikin watannin nan mahaifinta ya rasu. Ta je jana'iza ta dawo ta tarar da ƙorafe-ƙorafe sun taru suna jiranta. A bakin ƙofa, ranar da za ta taho, ta yi wa mahaifiyarta alkawari: da Sallah za su je tare su share kabarin, su zuba masa ruwa, ba za ta bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Yayyenta maza biyu suna gonakin kwakwar manja can ƙasar waje, a Sabah, ba su da takardun da za su fita su koma. Ita ce kaɗai.

Shi ya sa da Bu Darma ta gama magana, Hasriani ba ta koma kujerarta ba. Bene ta nufa, tana taka matakala kamar su suka yi mata laifi.

Sanyi ya buge ta tun daga ƙofa. Pak Bahar yana nutse cikin wata kujera mai kama da buhun auduga, kwamfuta a cinya, yara masu gajerun wanduna suna zagaye da shi.

"A'a, Dek Hasriani! Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba, Pak. An ba ni tsaron Sallah."

"To, Allah ya ba da lada."

"Ladan naka ne, ka sauko ka karɓa. Sashen tikiti kai ka rubuta shi, kowa ya sani. Ka zaunar da ni, ka saya mini miya, ka tambayi jikin Babana, alhali kana neman wuyan da za ka rataya wa kayanka. Ko kunya, Pak? Da furfurarka?"

Yaran suka sunkuyar da kai cikin kwamfutocinsu, kunnuwa a miƙe. Pak Bahar ya yunƙura da ƙyar ya fito daga buhun, ya ja ta gefen taga.

"Rage murya. Kin san Sallah nawa na ci a ɗakin can na ƙasa, da buras, ƙullin shinkafar nan na cikin ganyen ayaba, mai sanyi a leda? 'Yata ta fari sai da ta yi wayo tana zaton tsaron ofis yana cikin farillan Idi. Mahaifina ya rasu ina ƙasan tebur ina haɗa waya. Wa ya tausaya mini?"

"Sai ka rama a kaina?"

"Ni ma haka aka yi mini. Wanda ya koya mini aiki ya sa ni kwashe fayiloli daga wannan wuri zuwa wancan, na wayi gari duk nawa ne. Haka ake gadon Tsohuwa, ba a taɓa karɓarta da hannu biyu ba." Ya ƙara yin ƙasa da murya. "Bari in ba ki shawara, don ina jin ki kamar 'yata. Yulius na kusa da teburinki ba ya Sallah. Ki ce masa gugar farko ba ta yi kyau ba, a ƙara faɗin layi. Ya danna sau ɗaya, kin fita. Ki hau jirginki."

Hasriani ta dube shi har sai da ya kawar da ido.

"Ina azumi, Pak. Shi ya sa abin da ke bakina zai koma ciki."

Ta sauko tana huci. Yulius, Kirista mutumin yankin Toraja, maƙwabcin teburinta, yana ɓoye da kofin shayinsa a cikin aljihun tebur saboda kunyar masu azumi. Ya rufe aljihun da sauri.

"Kak, babbar yaya, wa kika kashe a sama? In kira mota?"

"Kai aka ce in kashe." Ta kwashe duka ta gaya masa.

Yulius ya yi dariya har shayi ya kusa fita ta hancinsa. "Ni? Wallahi da an ga Sallah! Ni fa in Tsohuwa ta yi tari ban san ta ina ake shafa mata baya ba. Sai dai in tsaya a kanta in yi mata waƙar coci." Ya goge ido, ya matso da kujera. "Amma tsaya. Kin san ana iya ce wa Magulmaci ya tsallake rana guda? A inda na yi aiki a Bandung haka muke yi. Ki nuna masa ranar da kika yi guga, ki ce wannan ba taɓawa ba ce, kar ya ƙirga. Sai ya leƙa ƙasa ya fito da sunan da ke wurin kafin nan."

Ta juyo gaba ɗaya. "Tun yaushe ka san wannan?"

"Ya ɗan jima."

"Ya ɗan jima! Kana zaune nan kana kurɓar shayi a aljihun tebur, kana kallo ana yanka ni kullum?"

"Kak, Pak Bahar ne ya ɗauke ni aiki. Kuma ba ki tambaye ni ba."

"Allah ya shirye ka, Yulius. Kai ma munafuki ne, ƙarami dai."

"Na karɓa. In nuna miki ko in bari?"

Ba ta gwada a ɓoye ba, kuma nan ne fushi ya ci ta. So take a yi abin a bainar jama'a, kowa ya ga fuskar dattijon lokacin da sunansa zai taso daga ƙasa. Ta je ta tsaya a kan Bu Darma har sai da ta ajiye waya.

"Ni ƙa'ida na sani," in ji Bu Darma. "In aka tsallake gugar, wanda sunansa ya fi yawa a sashen tikiti shi zai zauna. Ko waye. Kin yarda? Kar a zo ana yi mini kuka daga baya."

"Na yarda, Bu. A kira shi."

Washegari bayan azahar aka taru a ɗakin taro, har da yaran bene da ba a gayyata ba. Pak Bahar ya zauna can ƙarshe yana jan carbi, goshinsa yana naso duk da fanka na kansa. Hasriani ta haɗa kwamfutarta da babban allo, ta nuna wa Magulmaci ranar guga, ta ce ya tsallake.

Ta fara da sashen kaya don ta ja musu rai. Sunanta ya ɓace daga gefen allo, wasu suka fito. Baharuddin, cikakken sunan Pak Bahar ke nan, Baharuddin, Baharuddin, sai wani Sangkala da ya rasu tun kafin a ɗauke ta, sai Baharuddin kuma. Wani yaro ya yi fito. Ta buɗe sashen rahotanni, nan ma haka. Daɗi ya ratsa ta har yatsun ƙafa, irin daɗin da bai kamaci mai azumi ba.

"Tikiti muke jira," in ji Bu Darma.

Ta buɗe sashen tikiti.

Hasriani. Ta gangara ƙasa. Hasriani, Hasriani. Ta ɗauka dabarar ce ba ta kama ba, ta sake bayar da umarnin, ta sake buɗewa. Sunan bai motsa ba. Sai ta dubi kwanan watan da ke gefensa, ta ga ba ranar guga ba ce. Wannan ranar da babur ya zama fasinja ce. Wannan makon da ta haɗe lissafin kujeru ne. Wannan dogon jerin kuma, shafi bayan shafi, korar aljanu ce. Jefi-jefi sunan Pak Bahar yakan leƙo a layi biyu ko uku, kamar tsohon fenti a bangon da aka sake shafewa.

Yulius ya dafe kai.

"To," in ji Bu Darma a hankali. "Kin gani da idonki."

Da a ce zalunci ne, da Hasriani ta san inda za ta kai ƙara. Amma wannan ba wanda ya shafa mata, ita ta zauna da hannunta, wata da watanni, tana tsaki tana zagi tana mayar da kayan wani nata. Ta ji kamar ta ɗaga kwamfutar ta maka wa allon.

Sai ga muryar Pak Bahar daga ƙarshen tebur. Ya ajiye carbin.

"Bu, a bar yarinyar nan ta tafi. Zan zauna."

Kowa ya juya. Bai dubi kowa ba, tebur yake kallo. "Na saba. Guda ɗaya ba za ta kashe ni ba. Uwarta na jira."

Bu Darma ta ɗaga kafaɗa. "In kun daidaita tsakaninku, ni ba ruwana. Hasriani?"

Ga ƙofa a buɗe. Abin da ta hau bene nema, abin da ta tara mutane dominsa, an miƙo mata a faranti. Cewa za ta yi na gode, ta tashi ta je ta sayi tsaraba. Ta buɗe baki da niyyar haka, sai wata magana dabam ta fito.

"Pak, in ranar jajibiri 'yan gadi suka yi kururuwa cewa kujeru sun haura, me za ka yi?"

"Su wa?"

"'Yan gadi. Masu ƙirga kujeru."

"Oho, waɗannan abubuwan naki. Sai in kashe su mana, su daina damun mutane. In shiga rumbun bayanai in goge kujerun da suka haura da hannu, kamar yadda muka saba. In ta ƙi, a kashe Tsohuwa a kunna."

"Da hannu."

"Shekara nawa ina yi."

"Shi ya sa shekara nawa ana barin mutane a Bira!" Ba ta san ta miƙe tsaye ba. "Rumbun da ka sani ba shi ne yanzu ba. Ka goge kujera ɗaya da hannu, lissafin jirgi uku zai karkace, kuma ba za ka sani ba sai mata da yara sun cika bakin ruwa. Ranar jajibiri! Ka san yadda na sha kafin abin nan ya tsaya da ƙafarsa?"

"To ki koya mini kafin ki tafi."

"A kwanakin da suka rage? Abin da na yi watanni ina haƙa, kana sama kana shan sanyi?"

"Dek, taimakonki nake son yi."

"Kar ka taɓa mini ita!"

Maganar ta fita da ƙarfi har ta dawo mata daga bango. Ta ji abin da ta faɗa, kowa ma ya ji. Pak Bahar ya ɗago ya dube ta, ba da gatse ba, da wani irin tausayi na wanda ya gane ciwon, kuma wannan kallon ya fi duk abin da ya yi mata ƙona rai.

"Ni ma haka na ce," in ji shi. "A Sallata ta biyu."

"Ban tambaye ka ba."

Bu Darma ta ɗauki wayarta. "Ke nan an gama. Tikiti, Hasriani."

Mutane suka watse sumui-sumui. Yulius ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. "Kak, zan riƙa zuwa ina taya ki zama. Zan kawo abinci. Ba na gidanmu ba, na sani, na kanti zan saya."

"Fita, Yulius."

Ta fita tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro inda direbobi ke ajiye babura, ta kira maƙwabciyarsu a ƙauye ta ce a kai wa Mak, mahaifiyarta, waya kan tudu. Ta tsaya tana jira, tana jin iskar teku tana kaɗawa a cikin wayar, da numfashin tsohuwa mai hawan tudu da azumi a baki.

"Hasriani? Lafiya? Na sa an yanko ganyen ayaba, buras ɗin naki da kwakwa da yawa zan yi, yadda kike so. Jirgin safe ne ko na rana?"

"Mak, ba zan samu zuwa ba."



"Hana ki aka yi?"

Da ta ce e, da an wuce wurin. Mak za ta tsine wa kamfani, ta yi kuka, ta haƙura. Amma bakin Hasriani ya ƙi.

"An ba ni dama, Mak. Ni ce na ƙi. In na taho, abin da ke yanka wa mutane tikiti zai iya lalacewa, kuma ba wanda ya san shi sai ni."

"Ba wanda ya san shi sai ke." Muryar Mak ta yi kaushi. "Kamfanin ne ya haife ki? Shi ya yi miki goyo? Na gaya wa duk unguwa 'yata tana zuwa. Na gaya wa Babanki ma, na je na tsaya a kansa na ce masa ki na tafe."

"Mak, bayan Sallah da mako ɗaya zan..."

"Bayan Sallah ai ba Sallah ba ce. Halinsa kika ɗauko, tsaf. Injin kwale-kwalen wani ya mutu, sai ya manta yana da gida, in zauna da abinci yana hucewa. Shi ma ban yafe masa wannan ba, kar ki ɗauka yabo ne."

Wayar ta katse. Ko Mak ce ta kashe, ko tudun ne ya gaji, Hasriani ba ta sani ba, kuma ba ta sake kira ba.

Ta koma ɗakin ƙasa. Zafi yana nan inda ta bar shi. Ta zauna, ta jawo kwamfuta, ta buɗe shafin da kowane fasinja yake buɗewa, ta sa lambar tikitinta. Ga shi nan: Bira zuwa Pamatata, tashar tsibirinsu, jirgin safe, ranar jajibiri, kujerar gefen taga da ta zaɓa tun kafin a ga wata. A saman shafin an rubuta da ja cewa jirgi ya cika.

Ta daɗe da yatsa a kan maɓallin sokewa. A ranta har addu'a take yi abin ya ƙi, ya kafe kamar yadda ya saba kafewa shekara da shekaru, kujerar ta zama ta aljanu, jirgi ya tafi da ita wayam, ko ba komai a san akwai wadda ya kamata ta zauna a wurin.

Ta danna.

Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Tsohuwa ta karɓa, ta saki kujerar, jan rubutun ya koma kore: saura ɗaya. 'Yan gadi ba su ce uffan ba. Hasriani tana kallo, kafin ta janye hannunta daga maɓallin, koren ya sake komawa ja. Wani can, a wani wuri, da ya wuni yana dannawa yana fata, ya samu hanyar gida.

Ta yi tsaki mai tsawo, ta goge fuska da bakin mayafinta. Wayar tebur ta fara ƙara, ta bar ta ta yi sau uku kafin ta ɗauka.

"Sashen tikiti," ta ce. "Ni ce. Faɗi abin da ya lalace."